Rawaya, Doyar Kurege da Takalmin Zomo: Rarrabe Furannin Daji Masu Ruwan Ɗorawa a Ƙasar Dutse

A dajin arewacin Najeriya, wanda ƙasar Dutse da tsakiyar Jigawa ke cikinsa, akwai wasu tsirrai da ke buɗe fure ruwan ɗorawa dab da ƙasa, babu kara babu reshe, sau da yawa ma babu ko ganye ɗaya a gefensa. Uku ne suka fi shahara: rawaya, doyar kurege da takalmin zomo. Daga nesa kusan ɗaya suke. Amma ba dangi ɗaya ba ne, ba lokaci ɗaya suke fure ba, kuma abin da kowannensu ya ɓoye a ƙarƙashin ƙasa ya sha bamban da na ɗan'uwansa. Tunda saiwar ake haƙa, a jiƙa a sha ko a daka a yi rini, rarrabe su ba aikin masu sha'awar furanni kaɗai ba ne. Akwai ma na huɗu, baurera, da kan shiga cikin lissafin, wanda saiwarsa kisa take yi.

Launi shi ne abin da ido ke fara kamawa, shi ne kuma mafi raunin shaida. Tsidau, tafasa, rai-ɗore, kabewa da kuɓewa duk furensu ɗorawa ne, alhali ba duk gida ɗaya suke ba. Saboda haka masana tsirrai sukan fara da wata rarrabewa da kowane manomi ya sani, ko da bai sa mata suna ba. Gero da dawa da albasa da ganye ɗaya suke fasa ƙasa ranar da suka tsiro. Wake da gyaɗa da kuɓewa kuwa da biyu. Masu ganye ɗaya jijiyoyin ganyensu a jere suke tafiya daga gindi zuwa tsini, sassan furensu kuma uku-uku ne ko shida-shida. Masu ganye biyu jijiyoyinsu rassa suke yi suna sarƙewa, furensu galibi kunnuwa huɗu ne ko biyar. Rawaya tana cikin masu ganye biyu. Doyar kurege da takalmin zomo da baurera suna cikin masu ganye ɗaya. Wanda ya tsuguna ya ƙirga kunnuwan fure ya riga ya gama rabin aikin.

Sauran rabin yana ga kalanda. Damina a ƙasar Dutse takan sauka a watan Mayu ko Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai watanni kusan bakwai na fari. Duk tsirran nan huɗu dabara ɗaya suke yi wa wannan dogon rani: su tara ruwa da abinci a saiwa, su bar abin da ke sama ya bushe ko ya ƙone. Inda suka rabu shi ne lokacin da kowannensu ya zaɓa ya leƙo.

Rawaya ita ce ta rani. Masana suna kiranta Cochlospermum tinctorium, sunan da aka tabbatar mata a 1831 cikin littafin tsirran Senegambiya da Faransawa suka wallafa, kuma tana fita a faɗin dajin nan tun daga Senegal har Sudan da Yuganda. A ƙasar Hausa tana da sunaye da dama, gwargwadon gari: balagande, balge, kyamba, zunzuna. Furenta yakan fito daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, musamman 'yan kwanaki bayan wuta ta ci daji. A fili baƙi ƙirin da toka, sai a ga furanni biyu ko uku ko fiye sun fito daga kututture ɗaya, kowanne faɗinsa santimita 6 zuwa 9, a kan ɗan gajeren tsinke da bai kai tsawon yatsa ba. Kunnuwan biyar ne, masu faɗi, masu sheƙi, wani lokaci da ɗan zanen ja a jikinsu. A tsakiya akwai zarurruka masu ɗauke da garin fure, da yawan da ba a ɓata lokaci wajen ƙirga su. Wannan cunkoson zarurruka shi ne babbar shaida, domin babu ɗaya daga cikin sauran ukun da ya wuce shida.

Kawunan zarurrukan ba sa tsagewa su zubar da gari yadda na yawancin furanni ke yi. Ɗan rami ne a tsininsu, garin kuwa ba ya fita sai an girgiza shi. Manyan ƙwarin nan dangin ƙudan zuma, masu huda itace su yi gida, su ne gwanayen wannan aiki: ƙwaron yakan rungume zarurrukan, ya kaɗa jikinsa da ƙugi mai ƙarfi, garin ya feso masa a ciki, ya ɗauka ya kai wa wani furen. Yin fure a rani, lokacin da ciyawa ba ta rufe komai ba kuma furanni sun yi ƙaranci, ya sa rawaya ba ta da abokan takara da yawa wajen waɗannan baƙi.

Bayan fure sai kwanso, mai siffar ƙwai, tsawonsa 'yan santimitoci. In ya bushe yakan tsage gida uku zuwa biyar, ya bayyana baƙaƙen 'ya'ya lanƙwasassu, kowanne a naɗe cikin farin gashi mai laushi da iska ke kwasa. Ganye ba ya zuwa sai ruwa ya sauka. A lokacin ne kututturen ke fitar da kara masu tsawon da bai cika wuce santimita 80 ba, da ganye mai yatsu uku zuwa biyar, tsagaggu har kusa da gindi, bakinsu da ƙananan haƙora. Shi ya sa mutane da yawa suka san furen, suka kuma san ganyen, ba tare da sun san tsiro ɗaya ba ne: na rani bai taɓa haɗuwa da na damina a idonsu ba.

Saiwar ce ke yanke gardama. Tana da kauri da tauri, bayanta ƙasa-ƙasa, tana da zare a ciki. In aka kankare ta da farce ko aka sare ta da fartanya, cikin yakan fito ɗorawa mai ɗaukar ja, ya kama yatsu nan take, kuma wanki ɗaya ba ya fid da shi. Da wannan ruwan ake rina zare da tufa da kabar tabarma. In aka haɗa shi da baba sai a sami kore. A wasu ƙasashen yammacin Afirka ana sa garinta a man kaɗanya da miya don launi, kuma a arewacin Jamhuriyar Benin garin saiwar haja ce ta kasuwa. Masu binciken sinadarai sun gano cewa launin daga dangin sinadaran da ke ba karas launinsa yake.

Rawaya tana da 'yar'uwa ta jini, Cochlospermum planchonii, wadda sau da yawa suna ɗaya ake kiransu da shi. Furen kusan iri ɗaya ne, amma wannan doguwa ce, takan kai mita 2, kuma tana fure a saman kara mai ganye wajen ƙarshen damina. Yatsun ganyenta ba su tsage da zurfi ba, bayan ganyen kuma fari-fari ne saboda lallausan gashi. Ta fi son inda ruwa ya fi yawa, don haka an fi cin karo da ita in aka nausa kudu. A kasuwa kuma akwai wani ruɗanin, tsakanin garin rawaya da garin kurkum, wato gangamau. Kurkum shuka ce ta gona, asalinta Asiya, dangin citta, kuma hanci ke rarrabe su: kurkum yana da ƙamshin kayan yaji, rawaya ba ta da shi.

A maganin gargajiya, daga Mali har ƙasar Hausa, an fi sanin rawaya da shawara da ciwon hanta da zazzaɓi. An yi bincike a ɗakunan gwaji a kan waɗannan amfanoni, kuma a Burkina Faso saiwar doguwar 'yar'uwar tana cikin wani haɗin shayi da ake sayarwa don zazzaɓin cizon sauro. Wannan bai mayar da ita maganin kowace shawara ba. Idon da ya yi ɗorawa alama ce kawai, kuma abin da ke bayanta yana iya zama ƙwayar cutar hanta, ko sikila, ko toshewar hanyar matsarmama, ko zazzaɓi mai tsanani. Jiƙon saiwa ba zai faɗi wanne ne ba. Gwajin jini ne ke faɗa. Shawarar jariri sabon haihuwa kuwa ba ta jiran jiƙo ko kaɗan, domin jinkirin kwana biyu kan iya taɓa ƙwaƙwalwa har abada.

Akwai wani tsiron rani da mai gaggawa kan iya ɗauka rawaya ce, shi ne kwarko, wanda wasu ke kira haƙorin kada, Argemone mexicana. Shi ma furensa ɗorawa ne da zarurruka masu yawa. Amma yana da kara, ganyensa duk ƙaya ne da fararen jijiyoyi, kuma in an karya shi ruwa ɗorawa ke fita daga karan. Baƙo ne daga Meziko, ya fi son bakin rafi da juji, 'ya'yansa kuma guba ne.

Doyar kurege, Curculigo pilosa, ita ce ta farkon damina, kuma a cikin ukun ita ce ta fi kama da furannin dangin albasa. Bayan ruwan farko ko na biyu, tun ciyawa ba ta tashi ba, takan buɗe ɗan fure mai siffar tauraro a fuskar ƙasa, ƙarami sosai in an gwada shi da na rawaya. Kunnuwansa shida ne, sirara masu tsini, cikinsu ɗorawa mai haske, bayansu da gashi. Zarurrukan garin fure ma shida ne daidai. Ganyen yakan biyo baya ko su fito tare: dogo, siriri, mai naɗe-naɗe a tsaye irin na ƙaramar kabar da ta fara tsira, da gashi a jikinsa, yakan kai rabin mita in damina ta yi nisa. A lokacin ya saje da ciyawa, sai wanda ya san wurin zai gane shi.

Abin da ya keɓe doyar kurege shi ne inda take ajiye mahaifar 'ya'yanta. Abin da ake gani kamar tsinken fure ba tsinke ba ne, dogon bututu ne na furen kansa, mahaifar kuwa tana can ƙasa a binne tsakanin gindin ganye. 'Ya'yan a can suke nuna, nesa da wuta da bakin dabba. Wanda ya ja furen da hannu zai tsinke bututun ne kawai, ya tashi da rabin shaida. Dole a tona a hankali da wuƙa ko tsinke. Saiwar a tsaye take, mulmulalliya, da zobba a jikinta, da jijiyoyi masu kauri da ke fita ta gefe, da ragowar zaren tsofaffin ganye a wuyanta. Tana son wurin da ruwa ke ɗan kwanciya ya wuce: gefen fadama, kwarin da ke tsakanin jigayi irin na wajen Jahun da Kafin Hausa, da ƙasar da ta taru a gindin dutse. An san saiwar da sa gudawa, kuma a ƙasar Yarbawa, inda ake kiranta epakun, ana amfani da ita wajen sarrafa kunun hatsi saboda sinadarin da ke cikinta mai narkar da sitaci. Samfurin farko da masana suka yi mata suna da shi daga gaɓar Ghana ta yau ya fito, cikin tsirran da Peter Thonning, ɗan ƙasar Denmak, ya tara tsakanin 1799 da 1803.

Takalmin zomo, Costus spectabilis, ba ya wahalar da kowa in ganyensa ya fito. Ganye huɗu ne, masu faɗi, kusan zagayayyu, masu kauri da ruwa, a shimfiɗe a ƙasa suna fuskantar kusurwa huɗu, sau da yawa da jan layi a bakinsu. Daga tsakiyarsu furen ke fita, babba, ɗorawa mai ɗaukar ruwan lemo, mai siffar bakin kakaki da lallausan gefe. Ɗaya-ɗaya furannin ke buɗewa, kowanne ya yi yini guda ya yanƙwane, wani ya maye gurbinsa. A nan ƙirgar kunnuwa takan ruɗar da mai koyo, domin babban abin da ake gani leɓe ɗaya ne mai faɗi, ainihin kunnuwan uku ƙanana ne a bayansa, zaren garin fure kuma ɗaya tak. Haka tsarin dangin citta yake, kuma can ne takalmin zomo ya dangana. Yana fure a farkon damina zuwa tsakiyarta, wani lokaci tun ganyen bai gama buɗewa ba. Inuwa yake so, da ƙasar da ruɓaɓɓen ganye ya taru, a tsagin duwatsu ko gefen suri. Saboda haka ba tsiron buɗaɗɗiyar gonar yashi ba ne. An fi sa ran ganinsa in aka yi kudu, inda daji ya fi duhu, wajen Gwaram da duwatsun Ningi da dajin Falgore. Wannan shi ne furen ƙasa na Najeriya, wanda aka zana a gindin tambarin ƙasar, ko da yake a tambarin ja aka yi shi, abin da ya sa ɗalibai da yawa ba za su gane shi ba ko sun taka shi a daji.

Baurera, Gloriosa superba, ya bambanta da ukun a tsayi, amma dole a san shi. Wasu na ce masa gatarin kurege ko gudumar zomo. A tsakiyar damina yake fita, yana hawa kan ƙananan itatuwa da shinge, kuma tsinin kowane ganye ya zarce ya zama ɗan zare mai naɗewa da yake kama reshe da shi. Babu wani tsiro a wannan yanki da za a ruɗe shi da shi in an lura da wannan tsinin. Furen yana da kunnuwa shida masu lanƙwashe-lanƙwashe a gefe, sun juya baya sun miƙe sama, zarurruka shida kuma sun bazu a ƙasansu. Yakan fara da kore-kore mai ɗorawa, ya rikiɗa zuwa ja yayin da yake tsufa, kuma akwai irin da ke zama ɗorawa har ƙarshe. Saiwar fara ce mai santsi, mai reshe biyu da suka haɗu a kusurwa. Tana ɗauke da guba mai suna kolcisin, wadda ke hana ƙwayoyin jiki rabuwa. Wanda ya ci, cikin 'yan sa'o'i zai fara amai da gudawa da ƙunar maƙogwaro, daga baya ƙoda da ɓargo su gaza. Wanda ya tsira ma gashinsa kan zube. A Indiya da Siri Lanka an sha samun mutuwar mutanen da suka ɗauka doya ce ko dankali. Haɗarin ya fi yawa a rani, lokacin da karan ya bushe ya ɓace, saiwar ce kaɗai ta rage. Saiwar da aka haƙo ba a ga ganyenta ko furenta ba, ba abar kaiwa baki ba ce, komai sunan da mai tallarta ya kira ta da shi.

Sunayen Hausa kansu suna buƙatar hattara. Suna ɗaya kan hau tsirrai biyu ko uku, tsiro ɗaya kuma kan amsa suna biyar tsakanin Sakkwato da Haɗeja. Likitan nan ɗan Sikotland, John McEwen Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya wallafa a 1916, sannan ya fitar da babban littafinsa kan amfanin tsirran yammacin Afirka a 1937. Har yau a kan wannan aiki ake dogara, tare da sabuntawar da H. M. Burkill ya fara fitarwa a 1985. Amma daga bakin makiyaya da mafarauta da masu magani aka karɓi sunayen, kuma a can ilimin yake har yanzu. Tsohon makiyayin da ya san inda rawaya ke fita shekara da shekaru ya fi littafi sanin wurin. Littafin ya fi shi sanin cewa abin da ake kira balagande a wani gari shi ne zunzuna a wani. Ana buƙatar su duka biyun.

Manhajojin waya masu gane tsiro daga hoto sun shigo, suna kuma da amfani, sai dai yawancin hotunan da aka koyar da su daga Turai da Amurka aka ɗauko. A dazuzzukan sanyi masu laima na gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka akwai furanni ɗorawa masu kunnuwa shida, irin su Clintonia borealis mai shuɗɗan 'ya'ya da Erythronium americanum mai dabbare-dabbaren ganye. Hoton doyar kurege da aka ɗauka daga sama, babu ganye babu saiwa, yana iya jawo sunan baƙon tsiro irin waɗannan, wanda ba zai rayu mako ɗaya a bazarar Dutse ba. Duk sunan da waya ta bayar, a tambaya tukuna ko tsiron yana fita a yammacin Afirka.

Wuraren da ake samun waɗannan tsirrai a tsakiyar Jigawa suna ƙara matsewa. Ƙasa ce da kusan ko'ina an nome ta, saura ta yi ƙaranci, garin Dutse kuma yana ta faɗaɗa tun da ya zama babban birnin jiha a 1991. Abin da ya rage musu shi ne burtali, makiyaya, gandun daji, gefen maƙabarta, da ƙasar da ke tsakanin duwatsu inda garma ba ta shiga. Wuta ba ta kashe rawaya, fari ma haka. Abin da ke kashe ta shi ne a tumɓuke kututturen gaba ɗaya. Mai haƙa da ya yanki gefe ya mayar da ƙasa ya rufe zai sami abin haƙa baɗi.

Wanda ke son tabbatar da sunan tsiro a hukumance sai ya kai samfuri ma'ajiyar busassun tsirrai, irin wadda ke sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Jami'ar Bayero a Kano, ko babbar ma'ajiyar Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. Ana ɗaukar hoton tsiron a inda yake kafin a taɓa shi, daga sama da kuma daga gefe, da wani abu a kusa da zai nuna girmansa. Sai a ciri fure da ganye da ɗan yankin saiwa, a shimfiɗa su tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako da dutse, ana sauya takardar kullum har su bushe. A rubuta kwanan wata, sunan ƙauye, irin ƙasar, ko wuta ta ci wurin, launin furen tun yana ɗanye, da sunan da mutanen wurin ke kiransa. Ga rawaya, samfuri ɗaya ba ya isa: sai a kafa alama a gindin kututturen a rani lokacin fure, a komo a watan Yuli ko Agusta a ɗauki ganyen daga wannan kututturen dai, a haɗa su a takarda ɗaya.